Yadda Ake Dawo da Barci Idan Ya Ƙaurace wa Ido

Na yi kusan wata huɗu barci yana guduna. Abin ya faro ne a tsakiyar bazara, lokacin da mahaifina yake kwance a asibiti ina jinyarsa, ina kwana kan tabarma a baranda. Allah Ya ba shi sauƙi muka dawo gida unguwar Mabera a Sakkwato, amma barcin bai biyo mu ba. Sai in kwanta ƙarfe goma, jiki ya gaji liƙis, ido kuwa a bushe ƙamas. Ina jin janaretan maƙwabta har a kashe shi, ina jin haushin karnuka da usur ɗin 'yan sintiri, har ladan ya yi kiran farko ina juyi. Da safe in shiga aji, in rubuta rabin jimla a allo in nemi ƙarshenta in rasa. Ranar da gyangyaɗi ya ɗauke ni a kan mashin har na kusa afka wa wani ɗan kabu-kabu, ranar na yarda cewa ciwo ne, kuma sai an nemi magani.

Matakan da zan zayyana su ne waɗanda na bi. Wasu daga bakin likita na ji su, wasu na karanta na gwada, wasu kuwa tun muna yara iyaye da malamai ke faɗa mana ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Dukkansu a kan abu guda suka tsaya: barci ba a kamo shi da ƙarfi, duk yadda ka matsa masa haka yake ƙara nisa. Abin da ke hannunka shi ne lokacin tashinka, da yadda ka yi da yininka, da halin makwancinka.

Mataki na farko: rubuta abin da ke faruwa har mako biyu

Samu ƙaramin littafi ka ajiye kusa da shimfiɗa. Kullum bayan sallar asuba ka rubuta ƙarfe nawa ka kwanta, kamar minti nawa ka ɗauka kafin barci ya ɗauke ka, sau nawa ka farka, ƙarfe nawa ka tashi, ko ka yi barcin rana, da adadin shayi ko goron da ka sha ko ka ci da lokacinsu. Kintace kawai, kada ka riƙa duba agogo cikin dare, domin duba agogo kansa yana korar barci.

Mai rashin barci yakan rantse cewa ko runtsawa bai yi ba, kuma har zuciyarsa haka ya ji. Da na rubuta nawa, sai na ga ina samun awa huɗu da rabi zuwa biyar, a gutsuttsure. Bai isa ba, tunda baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, matashi kuma 8 zuwa 10, amma ganin lissafin a takarda ya rage mini fargaba. Ka kuma sani cewa barci zagaye-zagaye ne, kowane zagaye kamar minti 90, kuma mai lafiya ma yakan ɗan farka tsakaninsu ya koma ba tare da ya tuna ba. Farkawa sau ɗaya ko biyu ba ciwo ba ne, musamman ga dattawa da barcinsu ya riga ya yi shara-shara.

Mataki na biyu: kafe lokacin tashi, sannan ka lissafo baya

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma mu a nan mun samu sauƙinsa, domin asuba ta riga ta kafe mana shi. A Sakkwato alfijir yana ketowa ne tsakanin wajen biyar saura zuwa shida saura, gwargwadon lokacin shekara. To yi lissafi: wanda zai tashi biyar da kwata, in yana son awa bakwai, goma da kwata ya kamata ta same shi yana barci. Mafi yawanmu sha biyu ke samunmu a majalisa ko a kan waya, sannan mu yi mamakin ciwon kai da saurin fushi.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai agogo da ke bin haske. In duhu ya yi, jiki yana sakin wani sinadari mai suna melatonin da ke sanar da gaɓoɓi cewa dare ya yi, hasken safiya kuma ya tsayar da shi ya saita agogon. Saboda haka ka tashi lokaci guda kullum, har Asabar da Lahadi, ko da daren jiya bai yi kyau ba. Da rana ta fito, ka fita ka sami haskenta na minti 20 zuwa 30: tattaki, share ƙofar gida, raka yara makaranta, ba dabbobi abinci. Zama cikin ɗaki mai labule a sake har hantsi yana rikita agogon.

Sai batun komawa barci bayan asuba, wanda kusan kowa ke tambaya. Ga mai lafiyayyen barci da ya saba komawa na awa ɗaya kullum, kuma dare ba ya ba shi wahala, ban ga abin damuwa ba. Amma ga wanda yake fama, wannan barcin safen shi ne ke cinye na dare. Ka kwana ido biyu, ka rama daga shida zuwa goma, dare ya yi ba ka jin barci, gobe ma haka. Kwana huɗu na farko da na hana kaina komawa sun yi mini nauyi ƙwarai, sai da na riƙa zama a masallaci har rana ta fito don kada in ga katifa. A dare na biyar, tun kafin sha ɗaya kaina ya fara rinjaya.

Mataki na uku: goro da shayi

A nan zan daɗe, domin a nan da yawanmu ke faɗuwa ba mu sani ba. Tun daga lokacin da ka farka wani sinadari da ake kira adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma taruwarsa ce ke kawo nauyin ido da daddare. Kafeyin, wato sinadarin da ke cikin goro da shayi da kofi, yana zuwa ya toshe wurin da adenosin ke kamawa, sai ƙwaƙwalwa ta kasa jin gajiyar da ke jikinta. Kuma ba ya saurin fita: bayan kamar awa biyar, rabin abin da ka sha yana nan a jini. Wanda ya sha shayi mai kauri ƙarfe tara na dare, ƙarfe biyu na dare rabinsa na nan yana aiki. Ga mai juna biyu ya fi haka daɗewa.

A majalisarmu akwai wani bawan Allah mutumin Ƙonni da ke dafa mana shayin Buzaye bayan isha'i, a 'yar buta kan garwashi, yana ɗaga hannu yana tsiyayawa har kumfa ta taso a ƙananan kofuna. Na farko ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi, kuma duka ukun nake shanyewa. Ban taɓa lissafa shi cikin masu hana ni barci ba, saboda ina ganin ɗan kofi ne da bai kai kurɓi uku ba. Ashe ganyen da aka tafasa ya daɗe a wuta, ƙanƙantar kofin ba ta rage masa ƙarfi. Da na ce na daina, sai da aka yi kwanaki ana tsokanata. Yanzu ina zama da su in sha ruwan citta da kanumfari ba ganyen shayi, hira ba ta ragu ba.

Ƙa'idar da na bi: daga azahar ba goro, ba shayi, ba Nescafé, ba lemon kwalba baƙi irin Coca-Cola, ba lemon ƙarin kuzari da samari ke sha. Ka duba har magunguna, domin Panadol Extra yana ɗauke da kafeyin miligiram 65 a kowace ƙwaya, kuma mutane da yawa suna shan biyu da daddare saboda ciwon kan da rashin barcin ne ya kawo shi. Sigari da shisha ma masu tayar da jijiyoyi ne, ko da mai sha yana jin kamar suna kwantar masa da hankali.

Wanda ya daɗe yana cin goro kada ya yanke rana ɗaya, zai yi ciwon kai da kasala na kwanaki. A rage sannu a hankali cikin mako biyu, a fara da janye na dare, sannan na la'asar. Innata ta shekara fiye da arba'in da goro a bakinta, tana kuma kukan ba ta kwana. Da na kawo maganar sai ta ce, "Kai ɗan nan, goron da nika ci tun ba a haife ka ba shi za ya hana ni kwana yau?" Na ce, "Inna, jikin jiya ba shi ne na yau ba. Ki ci abinki da hantsi, na dare kawai nake roƙo ki bar mini." Ta yarda da na dare kaɗai, kuma ko wannan ya yi mata amfani.

Mataki na huɗu: ƙailula da awo

A garin da rana ke dukan mutum kamar namu, ƙailula rahama ce, kuma ita ke cike giɓin wanda asuba ta katse wa barci. Amma a yi ta gajera, minti 20 zuwa 30, a kuma gama kafin ƙarfe uku. In ta kai awa biyu za ka tashi da nauyin kai, ka kuma ci daga rabon dare. Barcin bayan la'asar kuwa a bar shi gaba ɗaya. Wanda ke cikin tsananin rashin barcin dare ya jingine ƙailula na mako biyu ko uku har dare ya daidaita, sai fa direba ko mai aiki da inji, wanda gyangyaɗi zai iya halaka shi. Shi wannan ya tsaya ya runtsa. Bincike ya nuna wanda ya yi awa 17 zuwa 19 ido biyu, hankalinsa a kan tuƙi yana raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Direbobinmu na hanyar Gusau da Illela da Birnin Kebbi su riƙe wannan.

Motsa jiki ma yana nan: tafiyar ƙafa ta minti 30 da sanyin safiya ko bayan la'asar tana ƙara nauyin barci. A guji mai tsanani daf da kwanciya.

Mataki na biyar: zafi, sauro da makwanci

Kafin barci ya ɗauki mutum sai zafin cikin jikinsa ya ɗan sauka. Wannan ne ya sa daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 da rana, gari duka ke kukan rashin barci. Ginin bulo da rufin kwano suna shan rana yini guda, da daddare su riƙa amayo ta, sai ka taɓa bango ƙarfe sha ɗaya ka ji shi da ɗumi kamar gefen murhu. In kuma aka ɗauke wuta, ɗakin ya zama tanda.

Da rana a rufe tagogin da rana ke bugawa, a saki labule mai kauri. Da magariba a buɗe ko'ina iska ta ratsa. A yayyafa ruwa a tsakar gida tun kafin isha'i don ƙasa ta huce. A yi wanka awa ɗaya kafin kwanciya. Wanda gidansa ke da katanga da tsaro, kwanan waje ya fi, a kan tabarma ko gadon ƙarfe ko na igiya da iska ke bi ta ƙarƙashi, domin katifar soso riƙe zafi take yi. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce jiƙa zanen auduga mara kauri, a matse, a lulluɓa. Iskar bazararmu busasshiya ce, ruwan yana bushewa yana janye zafin jiki. Fanka ita kaɗai a ɗaki mai tsananin zafi iska mai zafi take juyawa, amma in fata da ɗan danshi sai ta yi aiki, ko da ƙaramar fanka ce mai caji. A sha ruwa sosai da rana, a rage daga isha'i don kada fitsari ya riƙa tayarwa. Kuma kada a cunkushe yara a ɗaki guda a rufe a wannan lokaci, domin shi ne lokacin sanƙarau.

Da damina sauro ne abokin gaba. Gidan sauro mai magani ya fi komai, a ɗaura shi ko a waje ake kwana, a cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara amfani, don kada ya yi ƙaiƙayi. Maganin sauro na kunnawa a ɗaki rufe yana shaƙe ƙirji, balle ga mai asma.

Da hunturu kuma ƙura ke toshe hanci, mutum ya kwana yana numfashi da baki. A wanke hanci da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a shafa man kaɗanya a leɓe, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara mai tayar da ƙura. Ina roƙo da babbar murya: kada a kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufe, kada a ajiye janareta a cikin ɗaki, ko zaure, ko ƙarƙashin taga. Hayaƙinsu na ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci mai nauyi wanda ba a tashi daga gare shi.

Ɗaki ya yi duhu. Mai tsoron duhu ya bar ƙaramar fitila mara ƙarfi a ƙasa, ba farin ƙwan sola a saman kai ba.

Mataki na shida: awa guda kafin kwanciya

Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta. Isha'i a garin nan ba ta wuce takwas da rabi. Da za mu riƙe wannan kaɗai, da rabin matsalar ta kau. Ban ce a kashe zumunci ba, amma a sa wa hira iyaka. Ƙwallon Zakarun Turai da ake take wa ƙarfe takwas ko tara ba ta ƙarewa sai goma ko sha ɗaya, ga musu a bakin gidan kallo, ga jini ya hau. Zaɓi wasan da ya dame ka, sauran ka ji sakamako da safe.

Waya ta fi ƙwallo ɓarna. Haskenta a fuska yana jinkirta melatonin, abin da ke cikinta kuma yana tayar da hankali: labarin hari, gardamar siyasa a Facebook, bidiyon TikTok da ba ya ƙarewa. Ga garaɓasar datar dare da ke sa ɗalibai zaman jiran sha biyu. Ni a falo nake barin tawa tun tara da rabi, na ƙara mata ƙarar kira saboda larura, na sayi ƙaramin agogo don tashi.

Abincin dare a ci shi awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Tuwo mai nauyi, ko tsire da yaji, ko indomi da ƙwai wurin mai shayi ƙarfe sha ɗaya, suna kawo ƙwarnafi da zafin ƙirji in an kwanta. Mai wannan matsala ya ɗaga ƙafafun gado ta wajen kai da bulo ɗaya. Yunwa ma na hana barci, ɗan kunu ko fura kaɗan sun wadatar.

In tunani ne ke cinka, bashi ko kuɗin makaranta ko rigimar gida, ɗauki takarda tun bayan magariba ka rubuta damuwar, a gabanta ka rubuta abu ɗaya da za ka yi a kanta gobe. Zuciya tana maimaita abu ne don tsoron mantawa. In ya taso cikin dare, ka ce mata an rubuta, sai da safe.

Daga nan sai ka bi tsari guda kullum har jiki ya gane shi. Alwala, kakkaɓe shimfiɗa, kwanciya ta gefen dama, Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a hannu a shafe jiki, sai tasbihin da Annabi ya koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Ali lokacin da ta nemi mai taya ta aiki: Subhanallah 33, Alhamdu lillah 33, Allahu Akbar 34. Yi shi a hankali, kana jan numfashi ta hanci kana sakinsa a tsawace. Ibada ce da ladanta, kuma tana ɗauke zuciya daga lissafin duniya. Sau da yawa ban kai ƙarshen ƙirgar ba.

Mataki na bakwai: in ka kwanta bai zo ba

Wannan matakin ya fi kowane wuya a karɓa, amma shi ya warkar da ni. In ka ga kamar minti 20 sun wuce kana juyi, tashi ka bar shimfiɗar. Koma wani wuri mai ƙarancin haske, ka yi abu mai sanyi: lazimi, karatun da ka haddace, nafila, ko sauraren karatu a hankali. Ban da waya, ban da aiki. Sai ido ya yi nauyi ka koma. In ya sake ƙi, ka sake tashi, ko sau nawa ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Richard Bootzin, shi ya tsara wannan hanya a 1972. Hikimarta ita ce wanda ya daɗe yana shan wahala a gado, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta haɗa gado da fargaba. Shi ya sa za ka ga mutum yana gyangyaɗi a kujera, da ya hau gado ido ya bushe. Ana so a raba wannan haɗin. Don haka gado na barci ne da iyali kawai. Mai ɗaki ɗaya ya shimfiɗa darduma a gefe, ta zama wurin zamansa.

Maiɗakina ta tsorata da ta riƙa ganina zaune a tsakar gida ƙarfe biyu. Ta ce, "Malam, lafiya? Ko dai a kira Kawu ya yi maka tofi?" Na ce mata addu'a kam ina so, amma wannan zaman ma cikin magani yake. Daga ranar ta riƙa ajiye mini darduma da buta a bakin ƙofa.

In bayan mako biyu abin bai sauya ba, sai a ƙara da taƙaita zaman gado, hanyar da wani masanin barci, Arthur Spielman, ya fito da ita a 1987. Duba littafinka. In kana kwanciya tara ka tashi biyar, awa takwas ke nan, amma barcinka biyar da rabi ne, to ka daina kwanciya sai sha ɗaya da rabi. Za ka ji jiki a makon farko, amma barcin zai haɗe wuri guda ya yi nauyi. In ka ga kusan duk lokacin da kake kwance barci kake yi, kamar kashi 85 cikin 100 ko fiye, sai ka matso da kwanciya baya da minti 15, wato ka kwanta sha ɗaya da kwata, ka riƙe mako guda, ka sake matsowa, har ka kai abin da ke isarka. Kada a taƙaita ƙasa da awa biyar. Mai farfaɗiya, da mai taɓin hankalin da ke tashi ya kwanta, da mai juna biyu, da direba, kada su gwada wannan sai da likita. Waɗannan hanyoyi suna cikin tsarin gyaran tunani da ɗabi'ar barci da ake kira CBT-I, wanda ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta ba da shawara a 2016 cewa da shi za a fara yi wa mai daɗaɗɗen rashin barci magani kafin ƙwaya.

Mataki na takwas: hattara da ƙwayar kemis

Kafin in san duk wannan, na je wani kemis na yi kuka, yaron shagon ya ƙirgo mini ƙwayoyi a 'yar leda ba tare da takardar likita ba. Daren farko na yi barci kamar an jefa dutse a rijiya. Kafin mako biyu ɗaya ta daina isata, ranar da ban sha ba kuwa na kwana zaune, gabana na faɗuwa. Diyazefam ne, wanda aka fi sani da Valium. Shi da danginsa irin su Lexotan suna da amfaninsu a hannun likita na ɗan gajeren lokaci, amma jiki na saurin sabawa da su, suna kuma sa dattawa jiri da faɗuwa. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke kwatsam, hakan na iya kawo jijjiga, likita ne zai janye masa a hankali. Piriton da ake sha don barci yana barin mutum da kasala da bushewar baki washegari, kuma ba a ba yara don su yi shiru. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana a 2018, da taramol, da yawan samarin da suka faɗa musu da neman barci ko neman manta damuwa suka fara. Jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a mota da lasifika ma ba ka san abin da aka zuba ciki ba.

Mataki na tara: lokacin zuwa asibiti

In rashin barci ya kai dare uku a mako har wata uku, yana kuma taɓa aikinka da mu'amalarka, ya zama ciwon da ke son likita. Wasu alamun ma ba a jira wata uku.

Minshari mai ƙarfi da numfashi ke ɗaukewa, mutum ya yi shiru sannan ya farka da shaƙewa, ya tashi da ciwon kai, ya yini yana gyangyaɗi ko a sahun salla: wannan toshewar maƙogwaro ce cikin barci, tana tafiya da ƙiba da hawan jinin da ya ƙi jin magani. Mai shi ba ya sani, matarsa ko mijinta ne shaida, don haka a je tare. Ƙwayar barci tana ƙara wa irin wannan haɗari. Yawan tashi fitsari na iya zama ciwon suga, ko kumburin 'yar ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsara ga dattawa maza, ko maganin hawan jini mai sa fitsari da ake sha da dare maimakon safe. Jin kamar kiyashi na yawo cikin ƙafafu, ba sauƙi sai an motsa su, yakan zo da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, ya fi yawa ga masu ciki. Kasa kwanciya miƙe sai an tara matasai saboda numfashi, da kumburin ƙafa, alamar zuciya ce, a tafi da wuri. Dannau kuwa, da mutum ke farkawa ya kasa motsi kamar an danne shi, ƙwaƙwalwa ce ta riga jiki farkawa daga zagayen mafarki. Yana sakin mutum cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, ya fi zuwa ga wanda barci bai ishe shi ba ko mai kwanciya rigingine.

Akwai kuma wanda ke farkawa ƙarfe uku kullum da ƙuncin zuciya, abinci ya fita ransa, ba abin da ke faranta masa. Akwai mai jego da ko jariri ya yi barci ita ba ta iyawa, sai kuka. Akwai 'yan'uwanmu da suka baro Isa da Sabon Birni da Goronyo saboda 'yan bindiga, waɗanda ƙarar mashin cikin dare ke sa su zabura, mafarkin abin da suka gani yana dawo musu. Waɗannan ciwo ne da ke da magani, ba raunin imani ba ne, a haɗa addu'a da asibiti. Wanda ya fara jin gara ya mutu ya huta, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

A fara da asibitin da ke kusa, ko Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ma yana duba masu damuwa da rashin barci da masu son rabuwa da ƙwaya, kada sunan wurin ya hana kowa zuwa. In za ka tafi, ɗauki littafin nan na mako biyu, ka zuba duk magungunan da kake sha a leda har da na gargajiya, domin wasu magungunan asma da na mura da irin su firednisolon suna hana barci, kuma likita ba zai gane ba sai ya gan su a gabansa.